Karatun Mama Madlen

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Da Hausa zan rubuta wannan, tunda a gidan nan ni kaɗai na iya karanta ta. Yaya Abdurra'uf in ya ga Hausa a takarda sai ya yi ta juya ta sama da ƙasa, matarsa kuwa ko a baki Sango, yaren garin nan, ya fi mata sauƙi. To, bari in faɗi abin da ke raina ba mai tsoma min baki.

Yau kwana huɗu Mama ba ta yi magana ba. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta mutu, baki ya karkace. Nas ɗin da muka samu ta shigo ta bayan layi, ta ce hawan jini ne ya buge ta, wai a kai ta babban asibiti. A kai ta ta ina? Tun abin da ya faru ranar Alhamis, da rikici ya ɓarke aka yi ta harbe-harbe, ko taksi-moto, babur ɗin haya, ba ya wuce shingen gada. Na ce ta nuna min hanyar in goya ta in kai ta. Ta tattara jakarta ta tafi.

Mama idonta biyu, tana jin komai. Ni kawai take bi da kallo.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Gidan shiru. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin gidan nan shiru a wannan lokacin ba sai kwanakin nan.

Duk unguwarmu ta Kokoro an san karatun Mama Madlen. Baba, Allah ya jiƙansa, daga unguwar Miskine ya auro ta tana Kirista, ya rasu ya bar ta tana Kirista. Mu 'ya'yanta biyu muka bi addininsa, ba ta taɓa ce mana don me ba, ita ma ba a taɓa ce mata don me ba. Da maza sun dawo daga sallar asuba sai ta ja kujerarta 'yar tsugune gindin mangwaro, ta buɗe littafinta na Sango, mbeti ti Nzapa, wato littafin Allah a wurinsu, ta ɗaga murya. Ba 'yar ƙaramar murya ba kuwa, gida uku ana ji. Hajiya Sa'adatu maƙwabciyarmu da shi take sanin lokacin ɗora tukunya ya yi.

Baba yakan tsokane ta ya ce, "Madlen, Wanda kike yi wa karatun nan fa yana ji ko a zuci kika yi."

Ita kuma ta ce, "Shi yana ji, Alhaji. Ni ce nake so in ji, da katangar gidan nan, da duk wani mugun abin da ya kwana a bakin ƙofa."

Takan ce da Allah zai halicci duniya ba tunani ya tsaya yi ba, magana ya yi, abu ya kasance. Takan ce maganar Allah in an bar ta a zuci, kamar magani ne da aka bari a kwalba. Ina yarinya kunya karatun nan yake ba ni in ƙawayena suka zo. Na girma na saba. Yau na rasa inda zan sa kaina, na share tsakar gida sau biyu.

Alhamis, 9 ga Mayu, da rana

Mama ba ta sha kunun da na dama mata ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan masallaci

Cokali biyu tun jiya, na uku ta datse haƙora. Sai ɗaga hannun hagu take tana nuna kantar da littafin yake zama. Littafin ba ya wurin.

Na gaya wa Yaya. Ya ce in bar maganar nan. Wai mutanen Nasidi, masu tsaron shinge, suna bin gida gida suna tambayar wa yake waya da 'yan ƙetaren gada, wa yake ba da labari. Wai a irin wannan lokaci a ji karatun majami'a yana tashi daga wani gida a Kokoro, ai mun kira wa kanmu ruwa. Nasidin nan fa a layinmu aka haife shi, da majina a hanci na san shi. Yanzu ya rataya ƙarfe a kafaɗa, manyan mutane masu gemu suna rage murya in an ambaci sunansa. Tir.

Na ce wa Yaya, "Uwarka tana mutuwa da yunwa, kai kana lissafin Nasidi."

Ya ce, "Ummuhani, ke ce za ki gaya min haka? Ke?"

Na shiga kicin na fasa kofi, ba da gangan ba.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na samu Mama Polin a waya. Ita ce aminiyar Mama a zumuntar matan majami'arsu, shekara talatin benci ɗaya suke zama. Gidanta na Miskine in ba don shinge ba tafiyar minti ashirin ne a ƙafa. Ta yi kuka, ta ce ba wanda zai iya shigowa, fasto ma ba zai iya ba, amma suna yi mata addu'a kullum.

Suna yi mata addu'a. Sannunku da ƙoƙari. Matar da ta yi musu shara, ta yi musu girkin biki, ta riƙe musu jarirai, yau sai addu'a daga nesa. Na san ba laifinsu ba ne, in sun zo ba za su koma ba. Na sani. Amma haushinsu nake ji, kuma zan ji.

Ta ce, "Ke ki karanta mata mana, 'yata. Ai kin yi makarantar lakwal, kin san baƙaƙen."

Na ce, "Ni Musulma ce, Mama Polin."

Ta ce, "Na sani. Ni na yi miki wankan jego na farko, kina tsammanin na manta?" Sai layin ya yanke.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Na yi dabara. Na sa Mama Polin ta karanta a waya daga can, na rufe ƙofar ɗaki da taga, na sa wa Mama abin ji a kunne, na rage ƙarar yadda ko ni da nake gefenta ba na ji. Na ce shi ke nan, kowa ya huta.

Ta fizge shi ta yar. Da hannu ɗayan nan da ya rage mata. Ta yi ta dukan tabarma, tana nuna ƙofa, tana nuna tsakar gida, yawu yana zuba ta gefen bakin da ya karkace. Wato ita ba a kunne take so ba, ba a ɓoye ba. A waje take so, da ƙarfi, kamar kullum.

Wallahi tsohuwar nan taurin kai ne da ita. Gari yana ci da wuta, ita sai an yi yadda ta saba. Na ce mata, "To ki zauna da yunwarki." Na fita. Na dawo bayan minti biyar na goge mata baki. Ni kawai take kallo.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

An yi ta harbe-harbe ta wajen kasuwa. Kasuwar Kilomita Biyar duk a rufe, shagona na robobi ban san ko yana nan ba. Ko oho.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan azahar

Hajiya Sa'adatu ta shigo da farfesun kifi, Allah ya saka mata. Mama ba ta ci ba. Da za ta fita ta ja ni gefe, ta rage murya, ta ce tunda abin ya zo haka, me zai hana a biya mata kalmar shahada, ko da kai ta gyaɗa ai ya wadatar. Ta ce don ƙaunar da take yi mata ne, shekara arba'in katanga ɗaya.

Na yarda don ƙauna ne. Ni ma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, na roƙi Allah a sujada ya juyo da zuciyar Mama. Amma matar da ta yi shekara arba'in da huɗu a gidan Musulmi tana cewa a'a da bakinta, cikin ladabi, sai yanzu da bakin ya mutu za mu zo mu ɗauki shirunta mu ce ta ce i? Wannan ai sata ce. Na ce, "Hajiya, in za ta faɗa, ta faɗa da bakinta." Ta ce ni na sani, ta ɗauki kwanonta.

Na yi sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Ruwa kawai take sha. Zobenta ya zame daga yatsa, na tsince shi a tabarma.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Kwana goma ina cika takarda da laifin mutane. Nas, Yaya, Nasidi, Mama Polin, Hajiya. Bari in rubuta nawa, tunda ba mai karantawa.

Washegarin abin da ya faru, Juma'a biyu ke nan da suka wuce, gari ya waye ba wanda ya runtsa. Ko masallaci maza ba su fita ba. Ina ɗaki sai na ji ta ja kujera, na ji ta fara, da muryar nan tata, kamar ba abin da ake yi a garin. Na fito da gudu. Yaya yana tsaye a ƙofarsa. Ni ce na fizge littafin daga hannunta, har shafi ya yage. Ni ce na ce mata, da Sango don ta ji da kyau, "Rufe mana baki, kafin ki sa a kashe mu. Rufe bakin nan."

Ta dube ni. Ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kafin azahar matar Yaya ta same ta a ƙasa.

Nas ta ce hawan jini ne, ya daɗe yana taruwa. Na ji. Amma ni na ce ta rufe baki, kuma ta rufe. Littafin yana cikin buhun garin rogo, ni na cusa shi.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Na ciro shi, na kaɗe garin. Bangon ya sha ɗinki da zaren buhu, gefen shafukan duk ya yi baƙi da yatsunta. Da ta gan shi ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta miƙo hannu. Na ɗora mata a ƙirji. Ta tura min shi.

Na zauna na yi tunani. Ni ba addinina zan bari ba, Allah ya sani. Bakina kawai zan ara wa uwar da ta haife ni, tunda ni na karɓe nata. In laifi ne, Shi da ya ce a kyautata wa iyaye ya ga dalilina.

Na rufe ƙofa, na buɗe inda ta sa tsinken tsintsiya, na fara karantawa a hankali, raɗa-raɗa, bakina a kunnenta. Layi uku na yi. Ta juya fuskarta bango.

Na ce, "Mama, me kike so da ni? Na kawo, na karanta. Sai an harbe mu a tsakar gida hankalinki zai kwanta?" Ba ta juyo ba. Na zauna ina huci ni kaɗai, ga littafi a cinya.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Nas ta dawo. Ta ja fatar hannun Mama ta saki, fatar ta tsaya. Ta ce in ba ta fara cin abinci ba, kwanaki ne. A gaban Yaya ta faɗa. Ya dubi ƙasa.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Dole in rubuta wannan.

Bayan asuba ban yi shawara da kowa ba. Na shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, na ɗauko ta, ba ta fi buhun gawayi nauyi ba, na jingina ta da filo. Na zauna a kujerarta. Na buɗe wurin tsinken.

Sango a baki ruwa ne a wurina, amma a takarda wani abu ne daban. Na yi ta tuntuɓe. Muryata ta fito siririya, Mama ta bugi cinyata. Na ƙara. Ta sake bugu. Sai haushi ya kama ni, na ce to bari ki ji, na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya yadda nake kiran masu saye a kasuwa. Wurin yana magana ne a kan mutumin da maƙiya suka kewaye, yana kiran Allah ya zama masa mafaka. Na ji muryata tana dukan katanga tana dawowa. Matar Yaya ta leƙo ta koma da sauri. A gidan Hajiya aka daina daka.

Sai aka buga ƙofar gida. Bugu uku, da wani abu mai nauyi.

Na tsaya cak a tsakiyar layi. A cikin shirun nan sai na ji an ƙarasa layin. Murya a shaƙe, kalmomin suna jan ƙafa, amma an ƙarasa shi har ƙarshe, aka shiga na gaba. Na juya. Mama ce, idonta a rufe, bakin nan karkatacce yana motsi. Kwana goma sha bakwai rabon da in ji kalma daga bakinta.

Ban san lokacin da na ci gaba ba. In na ja layi na tsaya, sai ta ƙarasa. Ana ta bugun ƙofa, mu muna yi.

Ta sha kunu rabin kofi.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Yaya ne ya buɗe ƙofar. Nasidi ne da mutum biyu. Daga inda nake ina jin su.

Nasidi ya ce, "Alhaji, wa kuka ɓoye a gidan nan?"

Yaya ya ce, "Ba mu ɓoye kowa ba. Ƙanwata ce take yi wa uwarmu karatu. Karatun da kake ji tun kana rarrafe, yau ne ya zama baƙo?"

Nasidi ya ce lokaci ya canza. Yaya ya ce, "Uwata ba ta canza ba." Suka karɓe wayoyinmu duka uku, wai za a duba. Nasidi ya ce in wani abu ya same mu kada a neme shi.

Da suka tafi Yaya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Kin san abin da kika jawo mana?" Na ce na sani. Ya daɗe yana kallon kofin kunun. Ya ce gobe in jira ya dawo daga masallaci kafin in fara.

Laraba, 22 ga Mayu, da rana

Kwana uku muna yi. Yaya yana ajiye benci a bayan ƙofar gida ya zauna da carbinsa har mu gama. An daina kiransa zaman shawarar unguwa. Jiya an jefo dutse kan kwanon rufi. Hajiya Sa'adatu ba ta shigo ba, amma ta miƙo kunun gyaɗa ta kan katanga.

Mama tana ci. Yau har da ɗan tuwon rogo.

Sai dai abin da yake ci min rai, ba ta magana sai a cikin karatun. Da na rufe littafi, baki ya rufe. Na ce, "Mama, wace ce ni?" Leɓe ya yi ta rawa, ba abin da ya fito. Na ce ta ce ruwa. Shiru. Nas ta ce haka ciwon yake, abin da mutum ya haddace ya daɗe yana maimaitawa yakan fita ta wata hanya daban. Ita ta san wannan. Ni dai na san na ga abin da na gani a gindin mangwaro.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe min abin da na faɗa. Da Sango na faɗa, na sake da Hausa. Ta dube ni kawai. Kai ba ta gyaɗa ba, hannu ba ta ɗaga ba. Ban sani ba ko ba za ta iya ba ne, ko ba ta ga dama ba. Da Mama duka biyun suna yiwuwa.

In ta tafi a haka fa?

Asabar, 25 ga Mayu, da yamma

Akwai wata addu'a da take rufe karatu da ita tun muna yara, na san ta a kunne. A ciki suna roƙon Allah ya yafe musu yadda su ma suke yafe wa wanda ya yi musu laifi. Ba waya balle in tambayi Mama Polin inda take. Tun jiya nake bin shafi ɗaya ɗaya, idona har ya yi ja. Na same ta ɗazu, a wani shafi mai tabon manja.

Na san wayo zan yi. Na sani.

Lahadi, 26 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Na karanta mata na kullum, tana ƙarasawa. Sannan na juya shafin mai tabon manja. Na ɗaga murya sosai, Yaya ma sai da ya waiwayo daga benci. Na bi addu'ar tiryan-tiryan har wurin roƙon yafiya, na faɗi rabin farko, na tsaya daidai inda mai addu'a zai ce shi ma ya yafe.

Shiru.

Ta buɗe ido. Ba ta taɓa buɗe ido a tsakiyar karatu ba. Ta zuba min su, na ga sarai ta gane abin da na shirya mata. Na ji kunya ta rufe ni, ga haushi, na ce a raina shi ke nan, ta ƙi, kuma tana da gaskiya. Na kai hannu zan rufe littafin.

Sai hannun hagun nan ya taso a hankali ya kama kunnena. Ta murɗe shi, murɗa ta gaske, har na ce wayyo. Ba ta saki ba. Tana riƙe da shi ta buɗe baki ta faɗi sauran, kalma ɗaya ɗaya, idonta a cikin nawa, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Na tabbata an ji a gidan Hajiya.

Yaya ya tashi ya shiga ɗakinsa da sauri, ya bar carbin a benci.

Kunnen har yanzu zafi yake yi. Bari in je in dama mata kunu.